Jirgi Mai Hawa Bakwai na Shugaba Kuang

Mijin ƙanwata, Kuang Defu, sau ɗaya ya taɓa shiga jirgin teku a rayuwarsa, kuma tun daga lokacin ba mu sake hutawa ba. Ɗansu ne ya biya musu tafiyar, daga Shanghai zuwa Japan a dawo. Ƙanwata Guilan ta ce tun da aka kwance igiya kansa ke cikin bokiti har aka sake ɗaure ta. Amma a shagon tsarabar jirgin ya sayi farar hula irin ta kyaftin, mai zaren zinariya a goshi, ya dawo mana da ita a ka. Daga nan ko kwale-kwale ne ya gifta a kogi, sai Defu ya tsaya ya riƙe ƙugu ya gaya mana abin da ke damun injinsa.

Mu mutanen Tongluo ne. Garinmu yana ƙarƙashin ruwa tun da aka rufe madatsar ruwa, da kasuwarsa, da gonakin lemunsa, da kaburburan da ba a samu kwashewa ba, har da na mahaifinmu. Mu masu rai aka jera mu a gidajen bene can kan tudu. Duk shekara, ranar sharar kaburbura, tun da ba mu da kabarin sharewa, sai mu ɗauki hayar wani tsohon jirgi mai suna Furen Lemu. Sunan ne kawai ke ƙamshi. Hawa biyu ne, yana warin man gas da tsamin ganye, kujerunsa na katako, matuƙinsa Kyaftin Pu kuwa bakinsa ya fi injin ƙara. Amma yana barin babban kogi ya shiga ƙaramin rafinmu, ya je daidai Farin Dutse, wanda shi kaɗai ya rage a saman ruwa, ya kashe inji. Nan za mu zuba wa mamatanmu giyar dawa, mu ƙona musu kuɗin takarda na boge da ake aika wa matattu a kaskon ƙarfe, mu tayar da tartsatsi, abin wasan wutan nan mai ƙara, don su san mun iso. Kowa ya yi magana da nasa, a ci taliya mai barkono, a juyo.

Innarmu ta kusa casa'in. Duk shekara wannan tafiyar take jira, kuma a bana likita ya ja mu gefe ya ce zuciyarta ta gaji, mu bar ta ta yi abin da take so. Abin da take so kuwa ɗaya ne, ta je Farin Dutse ta zuba wa Baba giyar da ta dafa da hannunta.

To a bana ne aka naɗa Defu shugaban ƙungiyarmu ta 'yan asalin Tongluo, saboda ranar zaɓen kowa ya sunkuyar da kai, shi kaɗai ya ɗaga hannu. Bai yi wata a kan kujera ba ya tara mu a gidan shayi, ya sa aka kife majon, wasan cacarmu na 'yan tubala, ya manna wani ƙaton hoto a bango. Sabon jirgi ne, Fadar Zinariya, hawa bakwai, fari fat kamar kek ɗin biki. Ya ce akwai lif, akwai wurin iyo a rufi, akwai ɗakin rawa, banɗakinsa ma da kansa yake wanke mutum. Ya ce shi da ya ga teku da idonsa ba zai bar mutanen Tongluo su ci gaba da shiga kwanon wanki ba.

Na tambaye shi ko iyo za mu je yi.

"Yaya Guifang, matsalarki ba ki taɓa fita ba," in ji shi. "Shekara nawa muna zuwa wa iyayenmu a cikin wannan gwangwani? Suna leƙowa daga ƙasa suna ganin tsatsa, suna cewa ashe yaran nan har yanzu ba su yi arziki ba. Bana in sun ɗaga kai, inuwar jirginmu za ta rufe garin gaba ɗaya."

Abin haushi, maganar ta shiga mutane. Tsofaffin da suka ƙare rayuwarsu suna tsoron abin da maƙwabta za su ce, yanzu an ƙara musu da tsoron abin da matattu za su ce. Sai gyaɗa kai ake. Inna ce kawai ta ajiye kofinta ta yi tambaya ɗaya, ko wannan fadar za ta tsaya a Farin Dutse.

"Tsayawa kawai, Inna? Manajan abokina ne. In na ce ya durƙusa, durƙusawa zai yi."

Ni aka aika na gaya wa Kyaftin Pu cewa bana ba ma bukatarsa. Abin da ya ce ba zai rubutu ba.

Ranar tafiya muka isa tasha da kayanmu kamar masu ƙaura. A bakin ƙofa akwai na'urar da ke leƙa cikin jaka, da wasu samari masu farar safar hannu. Tartsatsin suka fara ɗaukewa. Sannan kaskon ƙarfe, sannan jarkokin giyar dawa, sannan zakaran da wata maƙwabciyarmu ta zo da shi a kwando. Defu ya gyara hula ya matsa gaba don ya yi musu bayani irin na manya. Kafin ya buɗe baki wata mata 'yar Beijing ta ga hular, ta miƙa masa akwatuna biyu da lambar ɗakinta, ta ce ya yi sauri. Mijinta ya ɗora masa na uku. Shugabanmu ya shiga Fadar Zinariya da kayan wasu a kafaɗa, yana cewa wannan ladabin ma'aikatan ruwa ne, ba za mu gane ba. Inna kuwa ta wuce a hankali da sandarta, rungume da tsohon fulas ɗinta na shayi, babu wanda ya ko dube ta. Ni kaɗai na san abin da ke cikin fulas ɗin ba shayi ba ne.

A cikin layin ne muka hango mutanen Majia. Garinsu shi ma yana ƙarƙashin ruwa, ƙasa da namu kaɗan, a kan babban kogi. Tun zamanin kakanni ba ma ga maciji da su. Sun ce mun sace musu irin lemu, mun ce sun huda mana kwale-kwale ranar tsere, kuma ruwan da ya cinye garuruwan biyu bai wanke wannan ba. Shugabansu Mou Changgui, dogo mai wuya kamar na shamuwa, ya tambayi Defu me 'yan rafi suke yi a jirgin babban kogi. Defu ya ajiye akwatin mutane ya ce gobe da safe Mou zai ga jirgin ya karkata, kuma kada ya tsorata, umarnin Tongluo ne.

Ɗakunan da ya kama mana suna can ƙasa, kusa da inji. Tagar zagayayya ce kamar murfin tukunya, kuma ba ta buɗewa. Defu ya ce nan ne masana ke kwana, don sama girgiza take. Ƙofofin da kati ake buɗe su, kafin yamma rabin tsofaffinmu suna zaune a ƙasa a lungu, sun kulle kansu a waje, suna wasan karta a kan akwati. Wani kawunmu ya shiga lif ya kasa fita, ya yi ta hawa da sauka yana gaida duk wanda ya shigo har aka je aka ciro shi. Banɗakin da ke wanke mutum kuwa ya wanke Defu har rigarsa, don tsaye ya yi a gabansa yana nuna mana yadda ake danna maɓallin.

Abincin ya fi komai ban tausayi. Tebur ya kai tsawon titi, kwanuka na azurfa suna ƙyalli, amma babu barkono ko na magani. Matanmu suka zaro kwalaben yajinsu daga jaka suka jera a kan farin mayafin tebur. Defu ya ce muna ba shi kunya a gaban baƙi, ya ture tsinkayen nan biyu da muke cin abinci da su, ya ɗauki wuƙa da cokali mai yatsu don ya koya mana. Ya danna wani ƙwallon nama, naman ya tashi sama ya sauka a cikin miyar Mou Changgui a tebur na gaba. Mou ya tsamo shi ya cinye, ya ɗaga kofi ya ce Tongluo ta fara biyan bashin lemu.

Bayan an ci abinci Guilan ta ja mijinta gefe ta tambaye shi ina abokin nan nasa manaja. Ya buga waya a gabanmu, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Da muka matsa masa, ashe manajan wani yaro ne mai sayar da tikiti a rumfa a bakin tasha, wanda Defu ya taɓa ba sigari, kuma yana can a tudu. Defu ya ce ba komai, ai magana tsakanin kyaftin da kyaftin take. Ya hau sama. Na bi shi daga nesa, na gan shi tsaye a gaban wata ƙofar ƙarfe mai rubutun hana shiga, yana ƙwanƙwasawa da yatsa ɗaya, yana sara wa ƙofar. Ba a buɗe ba. Ya dawo ya shaida wa jama'a cewa an gama magana, har kyaftin ya yaba hularsa.

Na so in tona shi a take. Amma na dubi Inna tana goge fulas ɗinta da gefen riga, sai na kasa. Na ce a raina ko a yi sa'a, wataƙila jirgin ya ɗan rage gudu a bakin rafin.

Da safe aka tashi da yayyafi, kamar kowace shekara a irin wannan rana. Muka taru a barandar baya ta hawa na biyar, mai rufi da labule da kujeru masu laushi, kowa da baƙaƙen kayansa. Aka zaunar da Inna a gaba. Duwatsun da muka sani suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya. Ga bakin rafinmu can, siriri tsakanin tsaunuka biyu, wanda ko makaho ya san wannan ƙaton gini ba zai shige shi ba. Inna ta dafa sanda ta miƙe. A daidai lokacin lasifikar jirgin ta saki kiɗan motsa jiki na safe, wata murya mai zaƙi ta ce a ɗaga hannuwa sama. Fadar Zinariya ta wuce bakin rafin ko waiwaye babu.

Defu ya ce kada kowa ya damu, babban jirgi sai ya yi nisa yake kwana, kamar tirela. Muka jira. Bakin rafin ya ƙanƙance ya ɓace a bayan tsauni. Ya ce to a dawowa ne za a tsaya. Guilan ta tuna masa cewa babu dawowa, a mota za a maido mu. Mutane suka fara gunaguni, wani ya ce a maido masa zakaransa, alhali ma ba nasa ba ne.

Nan ne Defu ya yi abin da za a daɗe ana ba jikoki labari. Ya ɓace, ya dawo rungume da ɗaya daga cikin kwanukan azurfa na ɗakin cin abinci, da wata kwalbar giyar Turawa da ya saya a mashayar jirgin da tsadar da har yau Guilan ba ta yafe ba. Ya hau kan kujera ya ce ruwa duk ɗaya ne. Wanda ya wuce ta kan Tongluo shi ne wannan, kuma matattu ba kamar mu ba ne, ba sa bukatar adireshi.

"Defu, sauko," in ji Inna. "Wancan tsaunin mai tsaga na Majia ne."

"Inna, idonki ne. Ni na karanta taswirar ruwa."

Ya buɗe kwalbar ya tsiyaye ta kaf a kogi, yana kiran iyaye da kakanni na wannan wuri su fito su sha, su ga yadda 'ya'yansu suka ci gaba. Ya cika kwanon azurfa da kuɗin takardarmu, namu duka, na gida ashirin da wani abu, ya ari ashana ya cinna. Ya durƙusa ya buga goshi a ƙasa sau uku, hular tana zamewa yana tarewa.

Sai muka ji tafi daga barandar sama. Mutanen Majia ne jere a bakin ƙarfe, kowa da farin furensa, don su tun farko sun san jirgin ta kan garinsu yake bi. Mou Changgui ya miƙo dogon wuyansa ƙasa.

"Shugaba Kuang, a madadin kakanninmu muna godiya. Tun da aka haife su ba su taɓa ɗanɗana giyar Turawa ba. Ga kuɗi kuma kun aika musu, har sa gina bene a can. Wannan durƙuson ma mun karɓa, maganar lemu ta wuce."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da ƙasa ce a ƙarƙashina da na roƙe ta ta buɗe, amma ruwa ne, kuma na Majia.

Defu ya miƙe zai mayar da martani, iska ta riga shi. Ta kwashi takardu masu wuta ta watsa a baranda, ɗaya ta manne a labule. Mata suka ja baya, shi kuwa ya ce kowa ya natsu, an koya masa kashe gobara a teku. Ya waiga neman ruwa, idonsa ya faɗa kan fulas ɗin da ke hannun Inna. Na yi ihu in hana shi, amma ya riga ya fizge, ya buɗe, ya sheƙa a kwanon. Giyar Inna ba irin ta kanti ba ce. Wutar ta yi tsalle har rufi, ta lashe girar Defu biyu da gefen gashin bakinsa. Ƙararrawa ta ɗauka a hawa bakwai ɗin nan gaba ɗaya, bututun rufi suka ɓalle da feshi, muka jiƙe sharkaf daga mu har kujerun masu laushi. Fasinjoji suka fito da rigunan ceto, matar nan 'yar Beijing tana nuna Defu tana cewa wannan ma'aikacin tun jiya ba ta yarda da shi ba.

A ƙarshe dai burinsa ya cika, ya ga kyaftin. Kyaftin ɗin da kansa ya sauko, wani ɗan gajere marar hula, ya dubi labulen, ya dubi kwanon azurfa da ya zama baƙi, ya tambayi wane ne shugaban waɗannan mutane. Karo na farko a rayuwarsa Defu bai ɗaga hannu ba. Mu muka nuna shi.

A tasha ta gaba aka sauke mu, wani ɗan ƙauye mai dakalin ƙarfe a kan ruwa. Aka maido mana kasko da tartsatsi da zakara. Jarkokin giyar kuwa aka ce an zubar tun a tashar farko, bisa doka. Mutanen Majia suna sama suna ɗaga mana hannu da furanni. Fadar Zinariya ta yi ƙaho ta tafi, kiɗanta na tashi.

Ni na kira Kyaftin Pu. Sai da ya gama zagina, ya zagi Defu, ya zagi hular, sannan ya ce tun da mun kore shi ya ɗauki lodin takin gona, sai gobe zai biyo ta nan. Muka kwana a wani masauki mai ƙuma. Washegari Furen Lemu ta iso tana tari, buhunan taki har rufi, ta ƙara sabon wari a kan na da. Ba wanda ya yi ƙorafi. Pu ya sauko da kansa ya ɗauki Inna a baya ya kai ta kujerarsa. Shi kuwa Defu, Pu ya nuna masa kan buhu, ya ce masana a ƙasa suke zama.

Muka shiga rafin da hantsi, ranar sharar kaburbura ta riga ta wuce. A Farin Dutse Pu ya kashe inji. Ruwan ya kwanta, kore, shiru, har ana jin ɗigon yayyafi a rufin kwano. Ba giya, ba kuɗin ƙonawa. Aka tayar da tartsatsin da ya sha danshi, ya yi fus sau biyu ya mutu. Mutane suka tsaya da hannu biyu babu komai, kowa yana ba nasa haƙuri ƙasa-ƙasa.

Muka riƙe Inna ni da Guilan har bakin ƙarfe. Ta buɗe fulas ɗin ta kife shi, ta jijjiga. Ɗigo ɗaya ya faɗo. Ta daɗe tana kallon inda ya faɗa, sannan ta yi magana da muryar da take yi wa Baba in ya dawo daga kogi.

"Maigida, na makara, kuma na zo hannu wofi. Giyarka ta ƙone, kuɗinka suna wurin 'yan Majia. Surukinka ne ya kawo mu, wannan da ka ce kada a ba shi Guilan ni na matsa. Ka yi haƙuri da ƙishi na 'yan watanni. Baɗi ba sai an ɗauki jirgi ba, ina nan tare da kai, ni zan zuba maka."

Guilan ta toshe baki da hannu.  Har Pu ya juya baya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Sai ga murya daga kan buhunan taki. Defu ne ya taso, fuska ba gira kamar dafaffen ƙwai, yana gyara hula.

"Haba Inna, wane irin ba jirgi? Ai baɗi akwai wani sabo da za a ƙaddamar, mai hawa tara. Na san wanda yake..."

Guilan ta saki hannun Inna. Ta taka ta cire hular daga kansa, ta miƙa hannu bayan ƙarfe ta sake ta. Muka tsaya muna kallo tana juyi a kan ruwa, ta sha, ta yi nauyi, ta nutse daidai saitin gidanmu.

Inna ta rufe fulas ɗinta ta ce aƙalla bana an aika wa Baba wani abu da zai ji daɗin gani.